Yadda Ake Koyon Ɗaga Gaban Babban Babur

Ɗaga tayar gaba ba aikin ƙarfin damtse ba ne. Masu koyo da yawa suna fizgo kan babur, suna zaton su ne za su ɗaga shi, alhali inji ne ke ɗagawa. Naka kawai ka san lokacin ba shi wuta da lokacin mayar da shi ƙasa. Mayarwar kuwa ita ake fara koya, domin wanda ya iya ɗagawa bai iya saukewa ba, bayansa ne zai sha kwalta.

Fara da zaɓen babur. Irin su Yamaha R1 da Suzuki GSX-R1000 ƙarfinsu ya kusa na doki 200, ɗan kuskuren hannu kaɗan ya isa su juye da mutum. Ba a koyo da su, ko da aro aka ba ka. Ƙanana irin Kawasaki Ninja 400 ko Yamaha R3 sun fi haƙuri da ɗan koyo. Masu cc 600, kamar Yamaha R6, suna da wani hali na yaudara: idan allurar da ke nuna juyin inji tana ƙasa sai ka ji su sanyi-sanyi, amma da ta haura sama sai ƙarfin ya zo gaba ɗaya, a nan suke kayar da mutane. Idan babur ɗinka na zamani ne, duba allonsa. R1 tun daga ƙirar 2015 tana da na'urar da ke rage wuta da zarar gaba ya tashi, haka ma BMW S1000RR, sai ka rage ta ko ka kashe kafin ya yarda ya ɗagu.

Sai wuri. Nemi fili mai kwalta, shimfiɗaɗɗe, wanda ba mota ba mai tafiya a ƙasa, kuma da izinin masu shi. A kan titi ganganci ne, hukuma na kama mutum a kai, kuma yaron da zai tsallaka bai san kana koyo ba. Taka filin da ƙafa ka duba yashi da tsakuwa, musamman lokacin hunturu da ƙura ke kwanciya a kan kwalta, domin tayar baya za ta yi ta murzawa a banza, ta kuma kama ba zato. Sa hular kwano mai rufe haɓa, safar hannu, jaket mai kariya a baya da gwiwar hannu, takalmi mai rufe idon sawu. Ba goyo. A samu wani yana tsaye gefe yana kallonka. Duba sarƙa kada ta yi sako-sako, duba baƙin mai, ka ɗan zaga tayoyi su ɗau zafi.

Yanzu birkin baya, wanda shi ne ginshiƙin abin duka. Ɗora ƙafar dama a kansa ta zauna can, kada ta sauka. Idan gaba ya tashi fiye da yadda kake so, taɓa birkin nan kaɗan zai dawo da tayar ƙasa nan take. Matsalar ita ce, mutum idan ya tsorata ƙafafunsa yake saukewa daga matakai, jikinsa ya zame baya, hannunsa kuma ya ƙara murɗa totur ba da saninsa ba. Haka babur ke juyewa da shi. Saboda haka ka yi kwanaki kana tafiya a giya ɗaya, ka ba shi wuta, ka taka birkin baya, ka sake, ka kuma takawa, har ƙafar ta riƙa yi da kanta kafin ka yi tunani. Abin da gundura, na sani. Amma wanda ya tsallake wannan matakin shi ne ake gani a bidiyo yana bin babur ɗinsa da gudu.

Zama kuma: ja ɗuwawu baya a kan kujera, matse tanki da gwiwoyi, hannuwa a sake, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe. Ido can gaba, kada ka kalli taya.

Hanyar ɗagawa biyu ce. Akwai ta totur kaɗai: kana giya ɗaya, ka sassauta wuta gaba ya ɗan nutse, sai ka murɗa da sauri. Tana da sauƙin fahimta, sai dai gudu na ƙaruwa da sauri, kuma ƙaramin babur ba ya cika amsawa. Ni ta kuloci na fi so wa mai koyo, domin ana yin ta a ƙaramin gudu, kuma idan ka maimaita abu ɗaya, amsa ɗaya za ka samu.

Ga yadda take. Kana tafiya a giya ɗaya, gudun kilomita 15 zuwa 20 a awa, totur a daidaice. Ja kuloci da yatsa ɗaya ko biyu, iyakar inda inji zai saki taya kawai, ba sai ya taɓa mariƙi ba. A daidai lokacin ƙara wuta, sai ka saki kulocin da sauri totur na buɗe. Duk wannan bai kai daƙiƙa ɗaya ba. A karon farko ba abin da zai faru face babur ya ɗan zabura, kuma hakan ake so. Ƙara wuta kaɗan a gwaji na gaba, kaɗan dai. Wata rana za ka ji gaba ya yi sakayau, tayar ta bar ƙasa kamar taƙi ɗaya. Tsaya a wannan tsayin. Duk lokacin da ta tashi, sauke ta da birkin baya da gangan, ko da ba ka ji tsoro ba, don ƙafa ta saba da aikinta lokacin da tayar ke sama.

Saukewa na da nata ƙa'idar. Idan ka rufe totur gaba ɗaya, gaba zai faɗo da ƙarfi, ya fasa robar da ke riƙe man shokoba, ya kuma cinye boris ɗin wuyan babur. Sassauta a hankali, tayar na gab da taɓa ƙasa ka ɗan ƙara wuta ta sauka a laushi. Kan babur kuma ya kasance a miƙe. Idan ta sauka a karkace, kan zai iya kama kaɗawa dama da hagu da ƙarfi. In haka ta faru kada ka ƙanƙame shi, kada ka damƙi birkin gaba, riƙe tanki da gwiwa ka bar shi ya lafa. Bayan ya lafa matsa birkin gaba sau biyu ko uku kafin ka ci gaba, domin kaɗawar kan tura takalman birki baya, ka matsa ka ji wayam.

Akwai wani tsayi da nauyin babur ke daidaita a kan tayar baya, inda masu gwaninta ke tafiya mai nisa ba tare da gudu ya ƙaru ba, suna wasa tsakanin totur da birki. Wannan na watanni ne, ba na makon farko ba. Masu yin sa a matsayin sana'a ma gyara babur suke yi: su sa masa ƙarfen kariya a gefen inji, su ƙara girman farantin haƙoran baya wanda sarƙa ke hawa, su ƙara birkin baya na hannu. Shi ya sa suke son tsofaffin Honda CBR600F4i da Kawasaki 636, masu jure faɗuwa.

Ka kuma sa ido a kan fitilar baƙin mai. Idan gaban babur ya daɗe a sama, man na gangarawa bayan inji, famfo ya riƙa zuƙar iska. Da ta yi ja, sauke gaba ka kashe inji. Kuloci ma na cinyewa da wannan wasa, don haka ka riƙa hutar da shi tsakanin gwaji, in ka ji inji na ƙara amma babur ba ya ja yadda ya saba, lokacin kai shi wurin bakanike ya yi.