Yadda na kawar da kutsen sigina daga bayanan VLA

Bayanan da nake aiki a kansu na cibiyar hangen sararin samaniya da igiyar rediyo ta VLA (Very Large Array) ne da ke jihar New Mexico a Amurka, a zangon gigahaz 1 zuwa 2, inda taurarin ɗan adam na GPS suke watsa sigina mai ƙarfi a megahaz 1575.42 da 1227.60. Duk lokacin da na kunna flagdata, umarnin sanya wa gurɓatattun bayanai alama a manhajar sarrafa bayanan rediyo ta CASA, da tsarin rflag mai gano kutse da kansa, sai ya share tsabtatattun tashoshin mita masu yawa, alhali ratsi-ratsi suna nan a hoton ƙarshe.

Na ɗaga timedevscale da freqdevscale, ma'aunai biyu da ke ƙayyade tsananin sharar rflag, sama da 5, kutsen da ya rage ya ƙaru. Na sauke su, bayanai masu amfani suka salwanta. Ashe siririn kutse mai ƙarfi yana haifar da kaɗawa da ke bazuwa zuwa tashoshin da ke maƙwabtaka da shi, kuma lanƙwasar gefen zango tana rikita lissafin rflag.

Da farko na maido da alamomin asali na kafin sharar rflag da umarnin flagmanager, sannan na bi da hanningsmooth, umarnin da ke sassauta bambanci tsakanin tashoshi maƙwabta, wanda ya kwantar da kaɗawar ko da yake ya rage kaifin rarrabe mita. Bayan haka na yi daidaitawar wucin gadi da bandpass, umarnin gyara lanƙwasar zango, a kan 3C286, wani tushen rediyo a sararin samaniya da ake daidaita na'ura da shi, na ɗora ta a kan bayanan da umarnin applycal, na sake kunna rflag da datacolumn='corrected', wato a kan bayanan da aka daidaita, ma'aunan biyu a kan 5. A ƙarshe na yi amfani da mode='extend' tare da extendpols=True don faɗaɗa alamomin, na sake daidaitawa daga tushe.

Alhamdu lillahi, ratsin ya ɓace, kuma ina godiya ga abokin aikina da ya nuna mini kaɗawar a plotms, manhajar zana bayanai ta CASA.