Yadda ake zaɓen unguwar zama kusa da sabuwar makarantar yaro a Legas

A Legas ba a auna nisa da kilomita, da lokaci ake aunawa. Makarantar da taswirar waya ta nuna maka tana kilomita 5 daga gidan da dillali ya kai ka, za ta iya cin minti 15 ranar Lahadi, ta ci awa ɗaya da rabi safiyar Litinin. Don haka kafin ka ba kowa ko sisi, ka yi gwajin hanya sau uku: safiyar Litinin da ƙarfe 6:30, wata rana da misalin ƙarfe 2 zuwa 3 lokacin tashi, sannan ranar da aka kwana ana ruwa. Ka bi hanyar da irin abin hawan da yaron zai riƙa hawa, danfo (ƙaramar bas ta haya) ko keke napep ko motar gida. Ga ɗan firamare, abin da ya haura minti 30 ya yi yawa, don shi ne za ka ga ana tashin yaro kafin asuba yana gyangyaɗi a aji.

Abu na biyu shi ne alkiblar gosulo. Da safe motoci suna kwarara ne zuwa tsibirin Legas da Ikeja: daga Ikorodu ta Mile 12 da Ketu, daga Abule Egba zuwa Oshodi, daga Ajah zuwa Victoria Island. Da yamma lamarin ya juya. In ka samu gidan da zuwa makaranta daga cikinsa ya saɓa wa wannan kwararar, ka rage rabin wahala. Kada kuma ka yarda gada ta shiga tsakanin gida da makaranta. Gadar Third Mainland kusan kilomita 12 ce, mota ɗaya ta lalace a kanta, an gama da safiyar ranar.

Manyan tituna su ne abin da iyaye suka fi mantawa da shi. Gida na iya zama ana hango rufin makaranta daga ƙofarsa, amma titin Ikorodu ko na Legas zuwa Abeokuta ya ratsa tsakani. Ka tsaya ka duba ko akwai gadar masu tafiya a ƙafa, da nisanta daga mahaɗar da yaron zai fito. In tana da nisa, yara ba za su bi ta ba ko an yi musu faɗa, tsallaka titi za su yi. Gara gidan da ya ɗan fi nisa a ɓangare ɗaya da makarantar.

Kada ka gina lissafinka a kan acaɓa. Tun 2022 gwamnatin jiha ta hana shi a ƙananan hukumomi irin su Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland, daga baya aka ƙara Mushin, Kosofe, Somolu da Oshodi-Isolo. Mai zama Idi-Araba ko Mile 12 ya san abin ya shafe shi. Yaron sakandare da ya yi wayo zai iya amfani da motar BRT (babbar bas mai layinta na musamman a titi) da katin biyan kuɗin mota na Cowry, ko jirgin ƙasan Red Line da ke tsayawa a Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba, amma a duba jadawalin tashinsa ko ya dace da lokacin shiga aji. In makarantar tana da motar ɗaukar yara, ka tambayi direban da kansa ƙarfe nawa yake isa unguwar da kake so. Yaron da aka fara ɗauka shi ne na ƙarshe da ake saukewa.

Sai ruwa. Damina a Legas tana ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ta dawo a Satumba da Oktoba, daidai lokacin da ake fara sabuwar shekarar karatu. Gidan da ka gani a Janairu tsaf, ba lallai haka yake a Yuni ba. Ka dubi katanga daga ƙasa: in akwai layin datti ko gansakuka da ya kai gwiwa, nan ruwa ya tsaya bara. Ƙofar da aka yi wa dandamalin bulo biyu ko uku ita ma shaida ce. Ka leƙa kwata ka ga ko tana gudu. Mai shagon bakin layi ko mai shayi zai gaya maka gaskiyar da dillali ba zai faɗa ba. A yi taka-tsantsan da wasu sassan Lekki da Ajah, da kuma Isheri da Owode Onirin, inda kogin Ogun kan yi ambaliya in an saki ruwan madatsar Oyan. Ka kuma buɗe famfo ka tari ruwa a farin bokiti. In ya fito ja ko yana wari, ka sa kuɗin tanka cikin lissafin wata, ban da fararen kayan makaranta da za su rine.

Zama cikin 'yan uwa yana da amfani na zahiri. A Agege, Idi-Araba, Obalende ko Mile 12, masallaci da Islamiyya suna kusa, kuma ba a rasa maƙwabciyar da za ta karɓi yaro in uwarsa ta fita. Amma in makarantar boko tana wata uwa duniya, yaron zai dawo gab da magariba, Islamiyyar ta tashi. A nan sai an zaɓa: ko a matsa kusa da boko a nemi Islamiyyar Asabar da Lahadi, ko a zauna cikin jama'a a sake duba makarantar. Wanda ya matsa cikin Yarbawa kuma, yaronsa zai fi saurin kama Yarbanci, wanda darasi ne da ake koyarwa a makarantun jihar.

Wajen kuɗi, hayar shekara ba ita ce jimla ba. Akwai kuɗin dillali da na yarjejeniya, kowanne yakan kai kashi 10 cikin 100 ko fiye, ga kuɗin ajiya saboda ɓarna, a rukunin gidaje kuma ga kuɗin gadi da shara. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana karɓar fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, sai dai ba ta shafi Apapa, Ikeja GRA, Ikoyi da Victoria Island ba. Ka tambayi dillali ko yana da rajista da hukumar LASRERA mai kula da dillalan gidaje a jihar, ka ga mai gidan ido da ido, ka biya ta banki a asusunsa, ka karɓi rasit. Ka duba ko mitar wuta mai kati ce kuma ko akwai tsohon bashin wuta a kanta. Duk wannan sai bayan takardar shaidar karɓar yaro ta shigo hannunka, don kuɗin hayar da aka biya da wuya ya dawo in makarantar ta ce gurbi ya cika.