Babi na 4: Izinin tsari daban, dokar gini daban

Darasi na 1

Iyayena da yayyena, a nan ne kullum ake tuntuɓe, toh mu bi a hankali.

Kafin ka aza bulo ɗaya, Asambili, wato ƙaramar hukumar yankinka a nan Ghana, za ta yi maka tambaya biyu. Ta farko: me za ka gina, a ina? Wannan shi ne izinin tsari, ofishin tsara gari ke dubawa bisa dokar 2016, Act 925. Za su buɗe taswirar unguwa su ga ko filinka ya ci titi, ko yana ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko ya tare hanyar ruwa, mu 'yan Aboabo a Kumasi ai mun san yadda damina take mana.

Ta biyu: yaya za ka gina? Wannan dokar gini ce, kundinta na Ghana ya fito a 2018. Injiniyoyin sashen ayyuka ke duba zanenka, zurfin fandisho, kaurin rodi, taga don iska, inda za a haƙa shadda, ƙofar tsira in gobara ta tashi.

Mu maimaita. Ta farko INA, ta biyu YAYA. Rubuta su a littafinka, in hannu na rawa ba komai, sake rubutawa. INA. YAYA. Madalla.

Yanzu ɗauko takardar da sarki ya ba ka lokacin sayen fili. Ta amsa INA? A'a. Ta amsa YAYA? A'a. Maganar mai fili kawai take yi. Takardar fili ba famit ba ce, wato ba izinin Asambili na yin gini ba ce. Faɗa da ƙarfi, takardar fili ba famit ba ce. Hajiya, ke ma faɗa. Haba jama'a, kullum sai na faɗa amma sai wani ya zo min da indenca, wato takardar yarjejeniyar mallakar fili, wai ya gama komai, meson ya ce fara kawai Alhaji, ya zuba kuɗin gumin shekaru, ran nan a wayi gari da jan fenti a bango, STOP WORK. Ku koyi gane kalmomin nan biyu, suna nufin a tsayar da aiki.

Darasi na 2

In filinka na Aboabo ko Asawase, Asambilin Asokore Mampong za ka je, kar ka wahala zuwa ofishin Asambilin Kumasi da ke Adum. Riƙe takardar fili, sait filan, wato taswirar filinka, da zanen gida. Duk abin da ka biya karɓi rasit.

Darasi na 3

Ƙarin bene ma sai da famit. Ku tambaya a ofis.