Kurakuran da ake yi kafin aikin hannu a asibitin kuɗi da bayansa

Ni tela ne, ba likita ba. Amma tun da aka yi mini aiki a wuyan hannun dama, duk wanda ya faɗi a babur ko wuƙa ta yanke shi a unguwarmu sai a turo shi shagona neman shawara. Na gaji da jin labari iri ɗaya daga bakuna daban-daban, kuma yawancinsu sai ɓarna ta gama aukuwa suke zuwa. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne kalmar nan "targaɗe ne kawai". Ni ma ita ta cinye ni. Babur ya zame da ni a kan yashi, na dafa ƙasa da tafin hannu, na tashi na kakkaɓe rigata na wuce shago. Hannun bai karkace ba, kumburin ma kaɗan ne. Aka kai ni wajen maɗori, ya ja, ya murza, ya shafa man shanu, ya ce kwana bakwai zan manta. Kwana bakwai suka zama wata huɗu. Ina riƙe almakashi sai in ji kamar an soka mini allura a gindin babban yatsa, a ɗan kwarmin nan da yake fitowa idan ka ɗaga yatsan sama. Na dinga shan maganin ciwon jiki daga kemis ina ɗaure wurin da tsumma, ina cewa sanyi ne.

Ranar da na je gaban likitan ƙashi, ya danna kwarmin da yatsa ɗaya na kusa tashi daga kujera. Ya ce, "Malam, yaushe ka faɗi?" Da na gaya masa sai ya ajiye biro ya yi shiru. Ya zana mini a takarda: ƙananan ƙasusuwa 8 ne a wuyan hannu, jere biyu, kuma wanda na karya, da suke kira sikafoyid, jini yana shigarsa ne ta gefe guda, saboda haka idan ya rabu biyu ɗaya ɓarin yana iya rasa jini ya ƙi haɗewa. Da na zo a makon farko, da wataƙila ɗaurin siminti kaɗai ya wadatar. Yanzu sai an buɗe, an ɗebo ɗan ƙashi daga ƙuguna an cike gurbin, an ɗaure da ƙusa. Wata huɗu na ganganci suka jawo mini yanka biyu da bashin da na shekara ina biya.

Ku riƙe wannan da kyau: karayar wannan ƙashi sau da yawa ba ta fitowa a hoton farko. In hoto ya ce lafiya lau amma kwarmin yana ciwo, ana saka hannun a ɗauri a sake hoto bayan kwana 10 zuwa 14, ko a yi hoton na'ura mai zurfi irin su MRI. Kar ka ɗauki takardar farko ka tafi gida kana murna.

Haka batun yanka. Kowace babbar sallah sai an kawo mini yaron da wuƙar fiɗa ta wuce ta cikin yatsansa, an ɗinke fata a kemis, jini ya tsaya, kowa ya ce an gama. Ni abin da nake fara cewa shi ne ya lanƙwasa mini kowace gaɓa ɗaya bayan ɗaya, sannan in taɓa kan yatsan in ji ko yana ji. Idan gaɓa ta ƙi lanƙwasuwa, jijiyar da take jan yatsan ce ta tsinke, kuma tana janyewa ciki kamar roba. A kwanakin farko ana iya kamo bakinta a ɗinke. In an haura mako uku aikin ya zama wani abu daban, mai wuya da tsada. Yatsan da ya guntule gaba ɗaya kuwa, a naɗe shi da tsumma mai tsabta mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara a ruga asibiti. Kada ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. A cire zobe tun kafin kumburi ya hau.

Sai zaɓen wurin aiki. Mutane suna kallon tayil da na'urar sanyaya ɗaki su ce asibiti ya haɗu. Tayil ba ya ɗinke jijiya. Tambayi sunan wanda zai riƙe wuƙar da kansa, da fanninsa. Aikin hannu a ƙasar nan likitocin ƙashi ne suke yi, ko likitocin gyaran fata da ƙuna, kuma ba kowannensu ne ya saba da shi ba. Ni ɗabi'ata ita ce in tambaya kai tsaye: "Likita, irin wannan aikin kakan yi shi akai-akai?" Wanda ya san aikinsa ba ya jin haushin wannan tambaya. Da yawa daga manyan likitocin da za ka gani a asibitin kuɗi da yamma su ne dai suke aiki a na gwamnati da safe, irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda yake aiki tun 1959. Abin da kuɗinka yake saya maka shi ne gajeren layi, da ranar aiki ta kusa, da lokacin zama a yi maka bayani. To ka yi amfani da lokacin, kar ka zauna kana "to, to" kamar an kira ka gaban alƙali. Tambayi me zai faru idan ba a yi aikin ba, kuma yaushe za ka koma sana'arka. Faɗa masa sana'ar, domin hannun tela da na direba ba buƙatarsu ɗaya ba.

Kuɗin da aka faɗa maka a baki ba shi ne kuɗin ba. Sa a rubuta maka abin da ya ƙunsa: kuɗin likita, na mai allurar barci, na gado, na ƙarfe ko ƙusa, hotunan baya, wankin ciwo, cire zare, da cire ƙarfen in za a cire. Ni ban tambaya ba, na sayar da keken ɗinki ɗaya na biya, ina zaton na gama, sai rasit ya dinga biyo ni.

Ƙananan abubuwa kuma: in an ce kar ka ci komai awa 6 kafin aiki, koko ma abinci ne. Kar ka ɓoye ciwon suga ko hawan jini ko maganin gargajiyar da kake sha don tsoron a ɗaga ranar. Ba kowane aiki ne ake sa mutum barci ba. Wani hannun kaɗai ake kashewa da allura, ka koma gida a ranar, amma ka zo da wanda zai mayar da kai. Mata masu fama da dindiris ɗin babban yatsa da biyun da suke binsa cikin dare, jijiyar ji ce take matsuwa a wuyan hannu, aikinta gajere ne, ku daina jira sai tsokar gindin babban yatsa ta zaizaye.

Yanzu na zo kan wanda har yau in na tuna raina yake ɓaci, domin babu wanda ya yi mini shi sai ni. Da aka cire mini siminti, hannun ya fito siriri, fata tana saɓa, wuyan hannun ya sandare kamar itace. Likita ya rubuta mini gashin ƙashi. Na je sau biyu, na ga matsa ƙwallon roba ne da lanƙwasa hannu a kan tebur, ga kuɗin mota, ga ɗinkin mutane ya taru, na ce wannan ai a gida ma zan yi. Ban yi ba. Da na koma bayan wata biyu, mai gashin ta kama hannun ta gwada, ta ce, "Baba, me ya sa ka yi wa kanka haka?" Ƙashi ya haɗe sarai, aikin likita ya yi kyau, amma gaɓar ta ƙage. Sai da na yi wata shida ina zuwa ana tanƙwara shi ina cije leɓe kafin in iya dafa ƙasa da kyau a sujada, kuma har yau bai kai na hagu komawa baya ba.

Saboda haka in na ji mutum ya tara kuɗin tiyata bai ware na gashi ba, faɗa nake yi masa, ko ya girme ni. Ka biya dubbai an ɗinke maka jijiya sannan ka ƙi zuwa a koya maka yadda za ka motsa ta? Jijiyar yatsa da aka ɗinke, in ba a motsa ta yadda aka tsara ba mannewa take yi da naman da ke kewaye da ita; in kuma ka yi gaggawar ɗaukar bokiti tsinkewa take yi. Kusan mako 12 take ɗauka kafin ta yi ƙwari. Jijiyar ji ta fi ta jinkiri, wajen milimita 1 take tsirowa a rana, don haka wanda aka ɗinke wa ita a wuyan hannu watanni zai yi kafin kan yatsa ya farfaɗo. Ba aikin ne ya lalace ba, kar ka ruga wajen mai tsaga. Tun kafin ka biya, tambayi asibitin ko suna da mai gashin hannu, in babu su gaya maka inda za ka je. Ni yanzu duk wanda na raka, ranar da ya biya kuɗin aiki nake sa shi ya damƙa kuɗin gashi a hannun matarsa ko wansa, don kar hidima ta cinye.

Masu shan taba, ku ajiye ta; tana rage jinin da yake isa ƙashi, kuma ƙashin da na karya dama jininsa kaɗan ne. Kwanakin farko hannu ya zauna sama da ƙirji, a kan filo biyu in za ka kwanta, yatsun da ba a ɗaure ba kuma su dinga motsi. Kar ruwan alwala ya shiga siminti, tambayi malaminku hukuncin shafa a kan ɗauri. Kar ka cusa tsinke ciki don ƙaiƙayi. Masu zuwa dubiya za su miƙo hannu a gaisa, wani har da girgizawa. Ni dafa ƙirji nake yi in ce a yi mini afuwa.

Idan kuma yatsu suka yi fari ko shuɗi, ko suka yi sanyi, ko ciwo ya dinga ƙaruwa magani ya ƙi kwantar da shi, ko ɗaurin ya fara wari da zazzaɓi, ba a jiran ranar da aka rubuta a kati. Karɓi lambar da za ka kira da dare tun kafin a sallame ka, ka gwada ta a gabansu ka ji ta shiga.