Darasi na Tara: Sanin Yadi Kafin a Yanka, Siliki da Satin da Foliyesta

Wanda ya taɓa shiga layin masu yadi a Taminus da ke Jos gab da Sallah, ko lokacin da ake haɗa lefe, ya san yadda ake ciniki. Mace za ta ɗaga wani yadi mai sheƙi, ta shafa shi a bayan hannunta, ta ce, "Alhaji, wannan siliki ne?" Mai shago zai amsa, "Siliki ne, Hajiya, mai kyau kuwa." Sau da yawa ba ƙarya yake nufin yi ba, domin a bakin 'yan kasuwa duk yadin da yake da santsi da walƙiya sunansa siliki. Matsalar tana fitowa ne daga baya, ranar da aka ɗora masa dutsen guga ya naɗe, ko ranar da aka sa shi cikin zafin watan Maris gumi ya hana mutum sakat.

Abin da ya kamata ɗalibi ya fara riƙewa shi ne, waɗannan sunaye uku ba abu iri ɗaya suke bayyanawa ba. Siliki da foliyesta sunayen zare ne, wato abin da aka yi yadin da shi. Satin kuwa sunan saƙa ne, wato yadda aka sarƙa zaren a masaƙa. Saboda haka akwai satin na siliki, akwai na foliyesta, akwai kuma na auduga, kamar yadda tuwo yake tuwo ko da masara aka tuƙa shi ko da shinkafa. Idan aka ce wa mutum yadi satin ne, ba a gama ba shi amsa ba tukuna, sai ya ƙara tambaya: satin na wane zare?

Siliki na gaskiya, wanda iyayenmu ke kira alharini, wata tsutsa ce take yin sa. Ana kiwon ta da ganyen bishiyar malberi, idan ta ƙoshi ta girma sai ta fitar da siririn zare daga bakinta ta naɗe kanta da shi, ta yi ɗan gida kamar ƙwan tsuntsu. Masu sana'ar suna tsoma gidan a ruwan zafi domin danƙon da ya haɗa shi ya saki, sannan su warware zaren, wanda tsawonsa daga gida ɗaya tak yakan kai mita 900. Sai an tara dubban gidaje kafin a sami kilo ɗaya na zare, kuma wannan wahalar ce take sa shi tsada. A ƙasar Sin aka fara sana'ar shekaru dubbai da suka wuce, har yau kuma Sin da Indiya ne kan gaba wajen samar da shi.

Ƙasar Hausa ma ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. Fatake sun daɗe suna kawo jan alharini Kano ta hanyar Sahara, kuma muna da namu na daji, wato zaren tsamiya, wanda wasu tsutsotsi ke saƙawa a jikin bishiya. Ana dafa gidan nasu da ruwan toka, a kaɗa zaren da hannu, a yi aikin allura da shi a wuyan babbar riga. Launinsa ƙasa-ƙasa ne kuma ba ya walƙiya sosai, wanda hakan kaɗai ya isa ya nuna cewa sheƙi ba shi ne shaidar siliki ba.

A jiki, siliki yana shan gumi yana barin iska ta ratsa, ba ya kuma sanyi ƙarara idan aka sa shi da asubar Disamba a Jos. Amma ɗan lele ne. Rana mai zafi tana cinye ƙarfinsa, bilic yana lalata shi, turare da gumi suna bar masa tabo, kuma idan ya jiƙe ƙarfinsa yana raguwa, don haka ba a murɗe shi wajen matsewa. Da ruwan sanyi da sabulu mai laushi ake wanke shi, a shanya a inuwa.

Foliyesta ba daga dabba ko tsiro yake ba, daga man fetur ake sarrafa shi. Wasu masana biyu a Ingila, Whinfield da Dickson, su ne suka yi rajistar ƙirƙirarsa a shekarar 1941, kuma asalinsa ɗaya da robar da ake zuba ruwan sha a ciki, shi ya sa ake iya narka tsofaffin robobi a mayar da su zare. A yau fiye da rabin zaren da ake samarwa a duniya foliyesta ne. Bai kamata a raina shi ba: yana da araha da ƙarko, ba ya yamutsewa da sauri, launinsa ba ya zuba, kuma ko da damina ta kankama a Filato, idan aka wanke shi da safe kafin azahar ya bushe. Ga kayan makarantar yara da labule da hijabin yau da kullum, da wuya a sami wanda ya fi shi rufin asiri. Aibinsa shi ne ba ya shan gumi, yana riƙe wari da tabon mai, kuma da hunturu, lokacin da iska ta bushe, yakan manne wa ƙafa yana ƙaras-ƙaras. Mafi muni shi ne yadda yake da wuta, domin narkewa yake yi ya like a fata, saboda haka mai girki da icce ko gas ta guji tsayawa gaban murhu da dogon mayafinsa.

Saƙar satin kuwa ga yadda take. A saƙa ta yau da kullum zare ɗaya yana bi ta saman ɗaya ya bi ta ƙarƙashin ɗaya. A satin zaren yana tsallake huɗu ko fiye kafin ya nutse ƙarƙashin ɗaya, sai fuskar yadin ta cika da dogayen zare a kwance waɗanda haske ke zamewa a kansu. Wannan ne dalilin da ya sa gabansa ke walƙiya bayansa kuma ya dushe, kuma shi ne dalilin da ya sa farce ko zobe ko ƙugiyar jaka ke saurin jan zarensa. Wanda ya duba shadda da kyau zai ga furannin da ke jikinta ba fenti ba ne, irin wannan saƙar ce aka juya, wani wuri ya yi haske wani ya dushe. Teloli sun san halinsa: yana zamewa a ƙarƙashin almakashi, bakinsa yana zarewa, kuma ramin allura ba ya ɓacewa idan aka warware ɗinki, don haka sai an auna sau biyu kafin a taka keke. Mafi yawan satin da ake sayarwa don shafin riga da kayan amare da hular barci na foliyesta ne, kuma babu laifi a hakan muddin an saye shi a kuɗin foliyesta.

Hanyar tantancewa da ta fi inganci ita ce ta wuta. A roƙi mai shago ɗan ƙyalle daga bakin yadin, a je gida, a fita tsakar gida inda babu yara, a ajiye kwanon ruwa a kusa, a zare 'yan zaruruwa a riƙe su da ƙarfe, sannan a kusantar da ashana. Siliki yana ci a hankali, yana warin ƙonannen gashi kamar lokacin babbakar kan rago, yana mutuwa da kansa idan aka janye wutar, kuma abin da ya bari yana murƙushewa ya zama gari tsakanin yatsu. Foliyesta yana janyewa daga wutar, yana narkewa da baƙin hayaƙi da warin roba, idan ya huce kuma ya bar dunƙule mai tauri kamar tsakuwa. Idan aka ji warin ƙonanniyar takarda, to auduga ce ko wani zaren da aka yi daga itace. Yadin da aka gauraya zare biyu yakan nuna alamun duka biyun.

Ga kayan da aka saya a ɗinke, karatun da muke koyo a wannan aji yana da amfani nan take. A duba 'yar takardar da ke cikin wuya ko gefen riga, inda ake rubuta sunan zaren da yawansa, misali 100% ko 65%. Akwai kuma hoton dutsen guga mai ɗigo a ciki: ɗigo 1 yana nufin zafi kaɗan, 2 matsakaici, 3 zafi sosai irin na auduga. Siliki da foliyesta duka ba sa son ɗigo 3. Mai amfani da dutsen gawayi, wanda ba shi da abin rage zafi, ya juya rigar ta baya, ya shimfiɗa farin ƙyallen auduga a kai, sannan ya fara gwadawa a wani lungu da ba a gani.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya karɓo ragowar ƙyalle iri uku masu sheƙi daga wurin tela, ya juya gaba da baya ya ga wanne ne saƙar satin, ya rubuta abin da yake zaton zaren kowanne ne a littafinsa, ya zo da su aji mako mai zuwa domin mu ƙona su tare a filin makaranta.