Bizar Aure ta Birtaniya: Kurakuran da Ke Sa a Yi Shakkar Auren Gaskiya

Jami'in biza da zai duba takardunku bai halarci ɗaurin aurenku ba, bai ji an faɗi sadaki ba, bai san waliyyi ba. Abin da ke gabansa shi ne fom da takardun da kuka loda, kuma galibi a kansu zai yanke hukunci ba tare da ya ji muryar ɗayanku ba. Sashen dokar shige da fice da ake kira Appendix FM yana neman a nuna cewa ku biyun kun kai shekara 18, kun haɗu ido da ido, auren ya inganta a ƙasar da aka ɗaura shi, zaman yana nan da ransa, duk wani auren baya ya mutu, kuma kuna da niyyar zama tare a Birtaniya. Za mu ɗauki misalin miji yana can da shaidar zama ɗan ƙasa ko izinin zama na dindindin, mata kuma tana Najeriya. Idan akasin haka ne, ƙa'idar ɗaya ce.

An ɗaura, amma ango bai zo ba

A wurinmu ba abin mamaki ba ne a ɗaura aure a Kano ango yana Manchesta, wakilinsa ya karɓa masa. Birtaniya tana amincewa da irin wannan aure muddin dokar wurin da aka ɗaura ta amince da shi. Inda ake yin tuntuɓe shi ne sharaɗin haɗuwa. Kiran bidiyo, ko na shekara uku ne kullum, bai cika shi ba. Haka ma cewa ya santa tun tana goye domin 'yar baffansa ce. Ana nufin haɗuwar da kuka ga juna kuka san juna a cikinta.

Gyaran shi ne miji ya zo kafin a cike fom, ya kuma adana shaidar zuwan: tikiti, takardar shiga jirgi, da shafin fasfo mai hatimin shiga da fita. Mai fasfo biyu ya lura, idan da na Najeriya ya shigo, hatimin yana cikinsa. Da yawa suna loda na Birtaniya kaɗai, jami'i ya buɗe ya ga babu alamar tafiya ko ɗaya. 

Takardar aure da ranakun da ke karo da juna

Auren Musulunci aure ne a dokar Najeriya, ba sai an je rajista ba. Sai dai takardar shaidarsa, ko daga kotun shari'a take ko daga masallaci, ta ƙunshi cikakkun sunaye kamar yadda suke a fasfo, da rana, da wuri, da sunan waliyyi da shaidu, da sa hannu da hatimin wanda ya bayar. Idan an ɗaura a 2022 amma sai bana aka karɓi takardar, a bar kowace rana a matsayinta, a yi bayani. Kada a roƙi magatakarda ya mayar da ranar bayarwa baya.

Wasu kuma suna ganin ta masallaci ba za ta karɓu ba, sai su je rajista su sake ɗaurawa, su rubuta sabuwar ranar a fom kamar ta farkon ba ta taɓa faruwa ba. Daga nan sai hotuna su nuna biki shekara biyu kafin ranar da aka rubuta, takardar haihuwar yaro ma ta riga auren. A kawo takardun biyu, a ambaci ranakun biyu.

Sunaye ma haka. Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar aure, Muhammadu a banki. Aisha nan, Aishatu can. Ranar haihuwar NIN daban da ta fasfo. A jera takardun duka a kan tebur a bi su harafi-harafi. Abin da za a iya gyarawa a wurin wanda ya bayar, a gyara. Wanda ba zai gyaru ba, a haɗa da takardar rantsuwa ta kotu.

Duk takardar da ke da Hausa ko Larabci tana buƙatar fassara mai ɗauke da sunan mai fassarar, sa hannunsa, rana, hanyar tuntuɓarsa, da furucinsa cewa fassarar daidai take. Fassarar ƙanin amarya mai digirin Turanci ba ta wadatar ba.

Mata fiye da ɗaya, da sakin da ba a rubuta ba

Nan ne aka fi ɓoye-ɓoye, kuma nan ɓoyon ya fi tsada. Idan mutum yana da wata matar da ta riga ta shiga Birtaniya a matsayin matarsa kuma auren yana nan, ba za a ba ta biyu bizar aure ba. Wanda doka ke ɗauka Ingila ce mazauninsa na dindindin, idan ya ƙara aure a waje alhali yana da mata, auren ba ya inganta a can. A Najeriya ma, mai mata ba zai iya zuwa rajista ya auri wata a ƙarƙashin Dokar Aure ba.

Saki ya fi ruɗa mutane. Sakin da aka furta ko aka rubuta a cikin Birtaniya ba saki ba ne a idon dokarsu sai kotu ta raba auren, ko da an yi idda an gama, ko da tsohuwar matar ta koma gidansu. Sakin baki da aka yi a Najeriya ba tare da bin kotu ba shi ma ba ya karɓuwa idan ɗaya daga cikinsu ya shafe shekarar da ta gabaci sakin yana zaune a Birtaniya. Sakamakon shi ne sabon auren ya zama an ɗaura shi kan wani auren da bai mutu ba. Wanda ke cikin wannan hali ya ga lauyan shige da fice kafin ya biya ko sisi. Bazawara kuma ta kawo takardar sakinta daga kotu, wadda mijinta ya rasu ta kawo shaidar rasuwa.

Hotuna dubu, hujja kaɗan

Hoton ɗaurin aurenmu maza ne zalla cikin manyan riguna a ƙofar masallaci. Hoton kamu mata ne zalla, amarya a lulluɓe. Baƙon da bai san al'ada ba zai iya duba hoto hamsin bai ga ango da amarya a wuri guda ba. A zaɓi kamar 10 zuwa 15 daga lokuta daban-daban: walima, buɗar kai, gaisuwar surukai, sallah, rakiya filin jirgi. A ƙarƙashin kowane a rubuta rana, wuri, da su waye a ciki. Hotunan situdiyo na yini ɗaya da aka yi ta sauya kaya ba su da nauyi.

Hirar WhatsApp tana da nata matsalolin. An ajiye lambar da “Hayatina” ko “Abban Hanif”, babu abin da ke nuna ko wane ne, don haka a haɗa da shafin da ke nuna lambar da hoton mai ita. Mu mutanen saƙon murya ne, jami'i kuwa ba zai saurara ba, amma jerin kira mai rana da tsawon mintuna yana magana. Kada a zuba shafi 400 na watan jiya. Shafi biyu ko uku daga kowane wata, tun farkon alaƙar har yau, a fassara waɗanda ke zancen cefane, makarantar yaro, jinyar Hajiya, neman gida. Irin wannan hirar ce ke kama da aure, ba jerin zukata ba. Kafin a sauya waya a kwafe hirar a ajiye.

Kuɗin cefane ma hujja ne, in ya bar sawu. Wanda aka ba matafiyi a ambulan, ko aka tura ta hannun ɗan canji, ko ya shiga asusun yayan miji, bai nuna komai ba. A riƙa turawa asusun matar da sunanta, a ajiye rasit.

Ƙirƙiro labarin soyayya

Auren haɗi da auren zumunci ba laifi ba ne a wannan doka. Auren dole ne ba a yarda da shi ba. Amma sai ka ga an rubuta wai a jami'a aka haɗu, alhali iyaye ne suka haɗa. Idan aka kira hira ta waya ko bidiyo, labarin yakan watse. A rubuta wasiƙa mai shafi ɗaya ko biyu: wa ya haɗa, yaushe aka fara magana, yaushe aka kai kuɗin gaisuwa, me ya sa ango bai halarta ba, me ya sa matar take gidan surukai. Ita kuma ta san adireshin mijinta, sunan wurin aikinsa, ainihin aikin da yake yi da lokutan fitarsa. Kunya ba ta da wuri a ranar hira. In an tambayi sunan miji, ta faɗa cikakke.

A kuma tuna da tsofaffin fom. Wadda ta nemi bizar ziyara bayan an ɗaura aure ta rubuta ba ta da aure, bayanin yana nan a ajiye. A bayyana shi, haka ma duk wata bizar da aka taɓa hanawa a kowace ƙasa. Idan ejan ne ya cike, ku karanta kowane layi kafin a tura, domin alhakin yana kan mai sunan. Takardar jabu ko ƙarya da gangan na iya jawo haramcin shiga na shekara 10.

Abubuwan da ke kayar da neman biza ko da an yarda da auren

Tun 11 ga Afrilu 2024 mafi ƙarancin abin da miji zai nuna yana samu shi ne fam 29,000 a shekara, ko ajiyar fam 88,500 da ta yi wata 6 a asusu. Ma'aikacin da ya yi wata 6 a wuri ɗaya zai kawo takardun albashi na watannin, bayanan banki da suka yi daidai da su, da wasiƙar wurin aiki, kuma mafi sabunta a cikinsu kada ya wuce kwana 28 kafin ranar tura fom. Sakamakon WAEC ba ya maye gurbin jarrabawar Turanci ta matakin farko (A1) a cibiyar da aka amince da ita. Gwajin tarin fuka ma sai a asibitin da ke cikin jerinsu, kuma takardarsa wata 6 take yi. Waɗannan alƙaluma suna sauyawa, a duba shafin gov.uk a makon da za a tura.

Idan an hana, kuɗin fom na wajen fam 2,000 ya tafi, kuɗin kiwon lafiya da ake biya tare da fom ne ake mayarwa. Ana da kwana 28 na ɗaukaka ƙara daga waje. A karanta wasiƙar hanin sakin layi-sakin layi: in takarda ce ta ɓace, sabon fom yakan fi sauri, in kuwa an ce auren ba na gaskiya ba ne ko an zargi yaudara, wannan zargin zai bi duk fom na gaba, don haka a kai wa lauya mai rajista wasiƙar tun kafin kwanakin su ƙare.