Kafin ka ajiye ɗaya daga cikin ƙasashenka biyu: kurakuran da aka fi yi a Damagaram

Da wuya ka shiga gida a Birni ko Zango ka rasa wanda uwarsa ƴar Daura ce, ko wanda aka yanke wa cibiya a Kano aka dawo da shi a goye. Daga Magarya zuwa Matamaye kuwa abin ya fi haka. Da yawanmu masu ƙasa biyu ne, Nijar da Nijeriya, wasu ma ba su sani ba. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake yanke shawarar rabuwa da ɗaya a zaman shayi, da maganar "an ce".

Babban "an ce" ɗin shi ne wai Nijar ba ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu ba. Da can haka ne, a ƙarƙashin dokar zama ɗan ƙasa ta 1984. Amma an gyara ta a Nuwamban 2014, kuma tun lokacin wanda ya karɓi wata ƙasa bai rasa Nijar ba. Nijeriya ma, sashe na 28 na tsarin mulkin 1999 ya bar ɗan ƙasa na haihuwa ya haɗa da wata. Har Jamus, da aka sani da tsanani, ta sassauta a watan Yunin 2024. Saboda haka duk wanda ya ce maka sai ka ajiye ɗaya, ka ce ya nuna maka a rubuce, da sunan dokar da shekararta. Akwai ƙasashen da har yanzu suke sharɗanta hakan, amma ofishin jakadancinsu ne zai faɗa maka, ba ɗan kamasho ba.

Wasu kuma suna zaton barin fasfo ya mutu, ko jefa katin shaida a ƙasan akwati, shi ne ajiye ƙasa. Takarda ce ta mutu, kai kana nan ɗan ƙasa. A Nijeriya sai wanda ya cika shekara 18 ya shigar da buƙata ta ma'aikatar harkokin cikin gida, shugaban ƙasa ya sa a yi mata rajista, sannan ta tabbata. Sashe na 29 ya ba shugaban ikon ƙin yi idan ana yaƙi ko idan ya ga ta saɓa wa maslahar jama'a.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne sakin na hannu kafin a kama na gaba. Mutum ya tashi nan, kowa ya san gidansu, sai ya ɗauka shi kenan. Shaidar unguwa ba ta isa a gaban hukuma. Abin da ke magana shi ne takardar nasiyonalite, wato shaidar zama ɗan Nijar, da kotu ke bayarwa, ita kuma tana tsaye ne a kan takardar haihuwarka, ko jujuma, wato hukuncin kotu da ke maye gurbinta idan ba a rubuta ka da wuri ba, da takardun iyaye. Na ga wani ɗan'uwanmu da sunan mahaifinsa ya bambanta tsakanin takardun nan da na can, shekarar haihuwa ma ta sha bamban. Allah ya taimake shi bai sa hannu a komai ba tukuna; wata da watanni ya yi yana gyara. Da ya riga ya saki waccan, da ya tsaya tsakiya ba ƙasar da za ta ba shi fasfo. Ka fara karɓar nasiyonalite ɗinka, ka daidaita sunaye harafi da harafi, sannan ka yi tunanin sauran.

Sai maganar ƴaƴa, wadda iyaye maza suka fi mantawa. Yaran da aka haifa kafin ka ajiye suna nan da haƙƙinsu. Waɗanda za a haifa bayan ka ajiye ne abin dubawa. Sashe na 25 na tsarin mulkin Nijeriya ya ce wanda aka haifa a wajen Nijeriya yana samun ƙasar ne idan uwa ko uba ɗan ƙasa ne; wanda aka haifa a cikinta kuwa ko ta kaka yana iya samu. Ke nan jaririn da za a haifa maka a Damagaram bayan ka ajiye ba zai gada ta wajenka ba, sai dai ta wajen mahaifiyarsa idan ƴar can ce. Ranar da zai nemi gurbi a jami'ar Kano ko Zariya, kuɗin baƙo za a yanka masa. Ka zauna da uwargida a kan wannan, ba shawarar mutum ɗaya ba ce.

"Ai iyaka a buɗe take," in ji wasu. Wannan lissafin zamanin CEDEAO ne, wato ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka (ECOWAS), kuma Nijar ta fita daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025. An ci gaba da shige da fice, amma bisa sassaucin da ake iya sauyawa, kuma duk mun ga yadda aka garƙame iyakar bayan Yulin 2023, hanyar Maigatari da ta Kwangwalam suka mutu. Ɗan ƙasa ba a hana shi shiga ƙasarsa. Baƙo kuwa sai da izni, zama mai tsawo sai da katin zama.

Mai gida ko fili ko rumfa a Kantin Kwari na Kano ya nemi lauya kafin ya motsa. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamnan jiha amana domin ƴan Nijeriya, kuma mallakar baƙo tana da ƙa'idoji masu tsauri. Ƙuri'a da aikin gwamnati su ma sun tafi. Bashi, haraji da shari'ar da ke kanka kuwa ba sa tafiya. Masu fasfon Amurka su lura da wannan sosai, don hukumar harajinsu tana neman lissafin ƙarshe.

Kada kuma ka shiga da niyyar in ba daɗi ka dawo. Tsarin mulkin Nijeriya bai tanadi "na fasa" ba. Wanda ya ajiye zai koma neman ƙasa ta ƙofar da baƙi ke bi, kuma ƙofar da aka fi sani tana neman zaman shekara 15 a ƙasar, da amincewar gwamnan jihar da kake son zama.